Zaren Auta da Masarar Gwaggo Mero

Gwaggo Mero ƙanwar mahaifina ce. A Maska aka haife ta, a Maska ta yi aure, kuma in ban da zuwa Funtua biki ko dubiya, ba ta taɓa kwana uku a jere a wani gari ba sai bara waccan. Gajeruwa ce, mai saurin ƙafa da saurin baki. Ba wanda ya san shekarunta daidai. Ita ta ce sittin, mijinta Malam Sanda ya ce ta daɗe tana sittin ɗin nan.

Ta taso lokacin da auduga ke da daraja a ƙasar Funtua. Tun tana 'yar shekara bakwai kakarta ta zaunar da ita ta koya mata kaɗi: yadda ake gurje auduga a fitar da angurya, a shiɓe ta ta yi laushi, a naɗe sutu, sannan a shafa alli a yatsu a murza mazari. Kafin ta yi aure masaƙan garin sun san zarenta. Wani tsohon masaƙi yakan rufe ido ya ja zaren tsakanin yatsunsa, in bai ji gudaji ba ya ce, "Wannan na Mero ne." Har yau in ta ba da labarin nan sai ta rufe nata idon ta kwaikwaye shi.

Da zaren kanti ya cika kasuwa, masaƙa suka watse, wasu suka koma noma, wasu suka tafi birni. Gwaggo ba ta zauna tana jimami ba. Ta jefa mazarinta cikin kwalla ta kama sana'ar kamu. Takan jiƙa gero da masara, ta kai niƙa da citta da kanumfari, ta tace, ta dunƙula. Mata masu yaye su ne manyan masu sayenta, don kokon kamunta ba ya tsami da wuri. Hatsin kuwa daga gonakin Malam Sanda yake fitowa, rumbu biyu a tsakar gida, babba da ƙarami. Abin alfaharinta shi ne hancinta. Takan ce ko daga zaure ta shinshina, ta san hatsin da ya sha ruwa.

'Ya'yanta shida, autarsu Kausar, ita ce ta yi karatu mai zurfi. Ta karanta kimiyya, ta sami aiki a wata cibiyar bincike a Zariya, ta yi aure a can. In aka tambayi Gwaggo aikin me Auta take yi, sai ta ce, "Farar riga take sawa tana wanke kwalabe, gwamnati na biyan ta."

Bara waccan Kausar ta haihu, ta zo gida wanka. Da hutunta ya ƙare, cikin watan Agusta, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, Gwaggo ta ce ba za ta bar jinjira a hannun baƙi ba, za ta bi su ta yi sati biyu. Ta bar wa surukarta Bushra sana'ar kamu, ta ƙulle tsaraba: kuka, daddawa, da masara ƙulli biyu, ɗaya daga kowane rumbu. Suka hau babur zuwa Funtua, daga nan mota.

Kullum da azahar Gwaggo takan goya jinjirar ta kai ta wurin aikin uwar ta sha nono. Takan zauna a baranda ta jira. Kwana uku tana lura da fuskar Kausar, a na huɗu ta kasa haƙuri.

"Auta, mijinki ne?"

"A'a, Inna. Aiki ne."

"Kwalaben ne suka ƙi wankuwa?"

Wata mata da ke fitowa daga ɗakin gwaji ta fashe da dariya. Kudirat ce, abokiyar aikin Kausar, haifaffiyar Funtua, mahaifinta tela ne a bakin kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe da Gwaggo da Hausar da ta fi tawa daɗi, ta ce, "Mama, zare ne ya gagare mu."

Gwaggo ta gyara zama. "Zare? Wane irin zare?"

Suka shigar da ita ofis, Kausar ta yi mata bayani a hankali. Ta ce in hatsi ya sha danshi, funfuna takan kama shi, wata funfunar kuma tana barin guba a cikin ƙwayar, gubar da ido ba ya gani, dafuwa ba ta kashe ta, tana cin hanta a hankali, tana hana yara girma. Akwai 'yan takardun gwaji da ake kawowa daga waje, amma ba sa isa ko'ina. Su abin da suke nema shi ne su yi nasu a nan gida. Don haka suke narka wata irin roba ta zama ruwa, su zuba a sirinji, su haɗa bakin allurar da lantarki mai ƙarfi. Lantarkin sai ya riƙa jawo ruwan yana zama zare siriri, wanda ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, yana taruwa a kan faranti har ya zama kamar farin ƙyalle. Wannan ƙyallen ne suke so ya riƙa kama gubar a gane ta.

"To lantarki ne ke kaɗin ke nan," in ji Gwaggo.

"Shi ne, Inna."

"Ikon Allah. Mu gani."

Kudirat ta buɗe kwamfuta ta nuna mata hoton zaren da na'ura ta ƙara wa girma. Gwaggo ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin. Zaruruwa ne birjik sun haɗe, kowanne da ƙulli-ƙulli a jikinsa kamar carbi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ja tsaki.

"Wannan ai kaɗin 'yar koyo ne. Da kakata ta ga wannan, da mazarin za ta ƙwala miki a ka."

Kausar ta yi murmushin dole. Ta ce wata uku ke nan suna fama. Sun ƙara wuta, sun rage wuta, sun matso da faranti, sun ja da shi baya, gudajin na nan. Kuma duk inda gudaji yake, ruwan gwaji ba ya bi daidai, sakamakon sai ya rikice.

"Da can yana yi?"

"Da farko ya yi kyau, Mama," in ji Kudirat. "Kamar siliki."

"Yaushe ne farkon?"

"Wajen watan biyu zuwa na uku."

"Da rani ke nan. Yaushe ya lalace?"

Kudirat ta jawo littafin da suke rubuta aikin kowace rana ta riƙa buɗawa. "Tsakiyar watan biyar."

Gwaggo ta tafa hannu har jinjirar ta motsa a baya. "Yo ku da karatunku! Wa ya ce muku damina da rani ɗaya ne a wurin zare? Mu in ruwa ya sauka, ba ma kaɗi da sassafe. Audugar takan sha sanyi ta yi nauyi, ta riƙa cukurkuɗewa. Sai mun shanya sutu rana ta buge shi, ko mu ajiye kusa da murhu."

Kausar ta ce sun san danshi na ɓata zare, yana cikin littattafai, shi ya sa suka rataye ma'aunin danshi a bango, kuma kullum yana nuna lafiya lau.

"Kullum abu ɗaya yake nunawa?"

"Kullum."

"Rani da damina?"

Kausar da Kudirat suka kalli juna. Kudirat ta fita da gudu, ta aro wani ma'aunin a ɗakin da ke kusa, ta ajiye shi gefen nasu. Kafin jinjira ta gama shan nono, na aron ya haye sama can, nasu kuwa yana nan inda ya tsaya tun rani. Ashe ya daɗe da mutuwa. Kudirat ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye, tana cewa wata uku suna gaishe da gawa kowace safiya.

Gwaggo ba ta gama ba. Ta ce a nuna mata ruwan robar. Kudirat ta ɗauko kwalba a rufe ta karkata mata. Gwaggo ta kalli yadda yake gudu a ciki ta ce, "Ya yi tsararo. Ke Auta, in miyar kuɓewa ta yi ruwa, kika ɗaga ludayi, me take yi?"

"Ɗiga take yi."

"In ta yi kauri daidai fa?"

"Sai ta yi yauƙi, ta ja."

"To ku ƙara mata kuɓewa."

Ba a rana ɗaya aka gyara ba. Sai da suka rufe na'urar cikin akwatin gilashi, suka zuba wasu ƙwayoyi masu shanye danshi, suka ƙara kaurin ruwan kaɗan-kaɗan. Karon farko ya yi kauri da yawa ya toshe allura. Na biyu gudajin ya ragu. Ranar Alhamis ta sati na biyu Kudirat ta fito baranda ta kamo hannun Gwaggo ba ko sallama. A kan gilashin kwamfuta zaruruwa ne santala-santala, sai ɗan ƙulli ɗaya can a gefe. Gwaggo ta sa yatsa daidai kansa.

"Ga wani nan."

"Haba Inna!"

"Da saura. Amma za a iya kai wa masaƙi."

Cikin wannan murnar ne Kudirat ta ce tun da Mama ta duba musu aikinsu, bari su ma su duba mata nata. Ta ce a kawo masarar tsarabar nan su gwada da takardun waje da suke da su, tun da nasu bai kai a dogara da shi ba tukuna. Gwaggo ta ce a gwada mana, ai sai dai takardar ta ji kunya. Washegari ta zo da ƙulli biyun. Aka niƙa kowanne daban, aka zuba wani ruwa aka girgiza, aka tace, aka tsoma 'yar takarda siririya a cikin kowanne. Suka jira 'yan mintoci. Takardar babban rumbu ta fito da jan layi biyu, ta ƙaramin ta fito da ɗaya.

Gwaggo ta nuna mai layi ɗaya da fara'a. "Kun gani? Wannan ta gonar fadama ce, ta fi tsabta. Tabo ɗaya kawai."

Ba wadda ta yi dariya. Kausar ta ce a hankali, "Inna, a wannan gwajin layi biyu shi ne lafiya. Layi ɗaya guba ce."

Gwaggo ta ce ƙarya takardar take yi. Ta ɗebo masarar ta shinshina, ta tauna, ta miƙa musu su duba ko akwai baƙi ko kore a jikinta. Babu. Ta ce su da ma'auninsu ya mutu wata uku ba su sani ba, su ne za su gaya mata hatsinta? Kudirat ta ce, "Gaskiyarki, Mama. Mu sake." Aka sake da sabuwar takarda, aka kuma auna da babbar na'ura. Amsa ɗaya ce, kuma gubar ta wuce abin da ake ɗauke wa kai.

Gwaggo ta ajiye masarar da ke hannunta. Can sai ta ce, "Sati uku ke nan da na buɗe ƙaramin rumbu. 'Ya'yan mutane na sha." Ta karɓi waya ta kira Bushra, ta ce kada a ƙara taɓa ƙaramin rumbu, kamun da aka dunƙula kuma kada a sayar ko na sisi. Ranar Lahadi ta hau mota ta dawo.

A gida ta tarar da Malam Sanda ya cika ya batse. Ya ce shekara arba'in yana noma ba a taɓa ce masa hatsinsa guba ne ba. Gwaggo ta ce ita ma haka ta ce, sai ta tuna masa kakar da ta wuce: masarar fadama da aka karya aka tara a ƙasa, ruwan ƙarshe ya zo ba zato ya dake ta kwana biyu, suka sake shanyawa suka ga ta bushe suka zuba a rumbu. Malam ya ce to a ba kaji da awaki.

"Auta ta ce gubar tana bi ta nono da ƙwai ta dawo mana."

"A ƙona ke nan?"

"Ni ba na ƙona abinci, Malam. A binne."

Kwana biyu ba ya cin tuwo a gida, sai a majalisa. A rana ta uku da hantsi aka ji ƙarar diga a bayan gida. Shi da kansa ya haƙa ramin, ya ƙi kowa ya taya shi, yana haƙa yana mita cewa an tura yarinya makaranta ta dawo tana binne wa ubanta masara. Da aka gama, Gwaggo ta kai masa fura mai sanyi, ya shanye, ya ce nonon ya yi kaɗan.

Abin da ta yi bayan nan shi ne ya fi ba mutane mamaki. Ta yafa mayafi ta bi gidajen masu sayen kamunta ɗaya bayan ɗaya, ta gaya musu abin da aka gano, ta ce duk mai sauran kamu ta zubar, kuma su kai yaran ɗakin shan magani a duba. Wata ƙawarta ta ja ta gefe ta ce, "Ke Mero, wa ya aike ki? Wa ke tallar aibin kayansa?" Ta ce gara a ji a bakinta. Aka duba yaran, ba a ga wani abin tashin hankali ba. Mata biyu ko uku suka daina sayen kamunta, ɗaya har yau ba ta dawo ba. Sauran suka ce in dai daga babban rumbu ne, a ci gaba da dunƙula musu.

Da kaka ta zo, gidan Malam Sanda ya zama abin kallo. Gwaggo ta hana a ajiye masara ko ɗaya a ƙasa. Tamfol aka shimfiɗa, in hadari ya taso a naɗe a shigar. Ta zauna da Bushra suna tsince duk ƙwayar da ta fashe, ko ta canza launi, ko ƙwaro ya huda. Kudirat ta koya mata wata dabara: a sami busasshiyar kwalba, a zuba gishiri busasshe da ɗan hatsi, a rufe a girgiza a bar shi ya ɗan jima. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba. Gwaggo ta ɗauki kwalbar nan kamar carbi, duk gidan da ta shiga barka ko gaisuwa sai ta fito da ita. Akwai gidan da ta je suna, kafin a raba goro ta sa an sauke buhuna huɗu an mayar da su rana.

Tun mata na yi mata dariya suna kiran ta Likitar Rumbu, har suka fara aiko mata da hatsi a ƙullin leda. Takan sa a rubuta sunan kowa a jiki ta tara a kwando. Duk sanda Kausar ta zo gida, takan zo da 'yan takardun gwaji, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Kausar ta haɗa ruwan, Gwaggo ta karanta layi. Ba ta yarda kowa ya riga ta faɗa. In biyu ne sai ta rangaɗa guɗa. In ɗaya ne ba ta faɗa a gaban mutane, sai ta bi matar har gida.

Ƙyallen su Kausar har yanzu yana hannun gwaji. Sun ce yana kama gubar, amma sai sun tabbatar yana yin haka kowane lokaci kafin a sake shi ga jama'a. Duk wata Kudirat takan turo hoton sabon zare a waya, Gwaggo ta sa a ƙara masa girma ta duba. Sau biyu ta mayar musu da shi.

Da na je Maska bayan ƙaramar salla, na tarar da Malam Sanda a majalisa ƙarƙashin dalbejiya yana yi wa abokansa bayani. Yana cewa shi tun da can ya san ajiye masara a ƙasa ba alheri ba ne, shi ya sa ya ba iyalinsa umarni a sayo tamfol. Abokinsa Ummaru yana ta gyaɗa kai, ya ce shi ma a saka masa tasa dawar cikin kwandon Mero.

Na shiga gida na ba Gwaggo labari. Tana tace gasara, hannunta fari fat har gwiwa. Ta yi dariya har ta kusa kifar da ƙwarya.

"Ƙyale shi ya faɗa," ta ce. "In maza suka ji daga bakinsa sun fi saurin yarda. Ke dai miƙo mini rariyar can, kuma ki leƙa ki ce wa Ummaru ya ɗebo daga tsakiyar buhu, ba daga sama ba. Na san halinsa."